Sawu a Bayan Katangar Ishaya

Da hantsin ranar Lahadi Mani ya isa wurin da aka kashe Rabo, a wani kwari gaba kaɗan da Ruwan Godiya. An riga an ɗauke gawar, sai busasshen jini a kan ciyawa da sandar kiwonsa a yashe. Shanun Alhaji Badamasi, waɗanda Rabo yake korawa a ƙafa daga Ƙanƙara zuwa wajen wani mai saye a Sabuwa, ko ɗaya bai rage ba.

Mani mai bin sawu ne, gadon gidansu ke nan. Mutum ne da zama ba ya karɓarsa, ko a wajen ɗaurin aure a tsaye za ka same shi, ido a ƙasa, yana karanta ƙafafun jama'a. Ya zagaya kwarin yana ƙunƙuni. Ya ga inda aka jingine babura a inuwar wata ɗorawa. Ya ga inda wani ya kishingiɗa har ciyawa ta kwanta, da inda aka hura wuta aka gasa masarar gonar wani bawan Allah.

Mas'ud, yayan mamacin, yana biye da shi. Shi ne kuma shugaban 'yan sa-kai na unguwarsu, tun jiya bai runtsa ba.

Mani ya ce masa, "Ba kiciɓis sunka yi da shi ba. Jiranshi sunka yi. Sun san hanya, sun san rana."

"To wa ya hwaɗa masu, Baba Mani? Sabis dai babu."

Gaskiyarsa ce. Makonni ke nan da aka kashe sabis ɗin waya a duk yankin don a toshe bakin masu kai wa mutanen daji labari. Su mutanen dajin, an ce, dutse suke hawa su kamo sabis na wata jiha. Amma kafin saƙo ya same su a kan dutse, sai wani ya aika shi daga cikin gari. A duk unguwar kuwa gida ɗaya ne tak maganarsa take fita waje. Mani ya ga sunan gidan ya faɗo wa Mas'ud a rai, domin nan take ya juya ya nufi babur.

* * *

Ko da aka dawo daga maƙabarta, ƙofar gidan Ishaya ta cika.

Ishaya ɗan asalin wajen Mabai ne, Kirista, kakanninsa a yankin nan aka binne su. Yana yi wa wata ƙungiyar manoma aiki daga gida, ita ce ta kafa masa faranti a kan rufi da akwatin intanet a zaure. Tun da aka kashe sabis zauren ya zama na kowa. Tsofaffi su zo su ji muryar 'ya'yansu da ke Kano, mata su zo su yi barka da gaisuwar mutuwa, bai taɓa cewa kowa ya yi yawa ba. To waɗannan mutanen ne yau suka tuna cewa dama can hankalinsu bai kwanta da shi ba. Abin haushi, mai ɗaga murya fiye da kowa shi ne wanda ya fi kowa daɗewa a kan tabarmar zauren.

Kalma ɗaya ce take yawo a bakin taron: VPN. Wani ya ce da idonsa ya ga hoton ɗan makulli a wayar Ishaya da tutar wata ƙasar Turawa. Wani ya ce abin ɓoye sawu ne, mai gaskiya kuwa me zai ɓoye? Kafin maganar ta kai bayan taro, har ta zama Ishaya yana magana da daji kullum safiya.

Mai unguwa, dattijo ne mai sanyin murya, ya tura Ishaya cikin zauren ya tsaya a bakin ƙofa. Ya roƙi Mas'ud a ba Mani lokaci.

Mas'ud ya ce, "Ranka ya daɗe, albarkacinka za mu jira la'asar. In an sallame ba a kawo mani wani ba, da wanga za mu tahi."

Bai faɗi inda za su tafi ba, ba kuma wanda ya tambaya. Kowa ya san waɗanda 'yan sa-kai suka fita da su bayan gari ba su dawowa.

* * *

Ishaya yana zaune a ƙasa da rigar da ya je coci da ita, an yage mata aljihu. A kan wani ɗan teburi akwatin yana ta ƙyafta koren ido, abin duniya bai dame shi ba. Mani bai zauna ba, sai kaiwa da komowa yake tsakanin ƙofa da bango.

"Malam Ishaya, mi ne ne wanga abin da ake ta hwaɗi? Ni dai a sana'ata, wanda ya share sawunshi ɓarawo ne."

"Baba Mani, wurin aikinmu ne sunka ce dole in riƙa shiga da shi, don kada wani ya leƙa bayanan manoma a hanya. Kamar ka zuba kaya a buhu ne ka ɗaure baki, ka ba wani amintacce a wata ƙasa ya isar maka. Na kan hanya ya ga buhu ya wuce, amma bai san mi ke ciki ba, bai san gidan da za a kai ba. Shi ya sa ake ganin tutar waccan ƙasar."

"To buhun daga ina yake tashi?"

"Daga nan gidan. Wannan kam ba ya ɓoyuwa."

Mani ya tsaya cak. "Wa da wa ke da lambar sirrin akwatin?"

Ishaya ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ka ce wa da wa ba su da ita. Mutum ya zo ya ce zai gaida uwarshi, da wane baki zan hana shi? Amma akwai abin da ya tsaya mani a rai. Shekaranjiya Juma'a, lokacin da kowa ya tahi masallaci, ni kaɗai ne a gida ina aiki. Sai na ga akwatin ya nuna wata waya ta hau. Na leƙo zaure, ba kowa. Na leƙa ƙofar gida, ba kowa. Ita ma wayar da nata buhun a ɗaure, ban ga inda maganarta ta nufa ba."

"Don mi ba ka hwaɗa ba?"

"Na hwaɗa ɗazu. Shi ne aka yage mani aljihu."

"Ban da kai, wa ya iya ɗaure buhun nan?"

"Waɗanda na sa ma wa da hannuna biyu ne, tun lokacin da aka rufe wani dandalin hira samari sunka dame ni. Ɗanliti mai babur, da Shamsu."

Shamsu mijin Zulfa ne, autar Mani. Mani ya kawar da sunan gefe kamar yadda ake kore ƙuda daga bakin kwano. Yaron da ko ido bai taɓa haɗawa da shi ba? Ya yi waje neman Ɗanliti.

* * *

Ɗanliti na hango shi daga rumfar mai faci ya zubar da babur ya faɗa gonar dawa. Zuciyar Mani ta yi fari, ya ce a ransa an gama. Gudun ɓuya a gaban mai bin sawu kuwa wauta ce, ga ƙasa da danshi, ga kara yana karyewa. Bai sha wata wahala ba ya same shi a tsugune bayan wata bukka, yana warin fetur kamar an jiƙa shi a ciki.

"Baba Mani, don Allah ka rufa mani asiri. Jarka biyu ce kawai, kuma wallahi masu injin niƙa nake kai ma wa."

Ashe fetur yake shigowa da shi a ɓoye, tun da aka hana sayarwa a jarka. Mani ya ji kamar ya kwaɗa masa mari don takaici.

"Ba fetur ya kawo ni ba. Ina kake ranar Juma'a?"

"Sabuwa. Alhaji Badamasi ya aike ni in shaida wa mai sayen shanun cewa suna tahe ran Asabar. Can na yi sallar Juma'a, taya ta fashe, can na kwana. Ka tambayi Alhaji."

"Wa ya san hanyar da Rabo zai bi?"

"Ni da Alhaji da shi marigayin. Sai ko in ya hwaɗa wa amininshi."

"Wa ke nan?"

Ɗanliti ya sunkuyar da kai. "Kai ma ka sani, Baba. Rigar ruwan da aka same shi da ita ai ta surukinka ce."

Alhaji Badamasi ya tabbatar da maganar Sabuwa. Ya ƙara da cewa shi dai shanu sun tafi, a bar wa Allah, amma kada a ɗauki ran wani a kan dukiyarsa ba da hujja ba. Magana mai kyau, sai dai daga cikin gida ya faɗe ta, bai fito ya faɗa wa Mas'ud ba.

A hanyar komawa Mani ya bi ta wurin zaman makoki. Shamsu yana can yana raba wa mutane ruwa, idanunsa sun yi ja. Da ya hango surukinsa sai ya ja da baya ya durƙusa daga nesa, kai a ƙasa. Mani ya amsa gaisuwar yana kallon wani wuri, yadda aka saba. Akwai tambaya a bakinsa, amma tun da aka ɗaura auren nan maganarsu ba ta taɓa wuce ina kwana da ina gajiya ba. Ya haɗiye ta ya wuce, yana jin haushin kansa.

* * *

Rana ta karkata. Mani ya koma zauren Ishaya, ya tarar 'yan sa-kai sun ƙaru, wasu har sun zauna a kan baburansu.

"Malam Ishaya, abin nan naka, iyakar ina yake kaiwa?"

"Ba nisa. Zaure, tsakar gida, sai ɗan abin da ya tsallaka katanga."

"Wace katangar?"

"Ta baya ta fi kusa da akwatin."

Mani ya ji kunya ta kama shi. Tun safe yake bin bakin mutane, ya manta da ƙasa. Duk yadda mutum ya ɗaure buhunsa, ai sai ya zo kusa da akwatin da ƙafafunsa.

Bayan katangar wani ɗan lungu ne da ba a cika bi ba, sai 'yan kuɓewa da matar Ishaya ta shuka. An yi ruwa ran Alhamis, tun daga nan ko ɗigo ba a sake yi ba, ƙasar ta riƙe duk abin da aka rubuta mata. A gindin katangar ga sawun mutum ɗaya ya tsuguna, dugadugansa sun nutse, alamar ya jima. Takalmin roba ne irin wanda rabin garin ke sawa. Wannan bai gaya masa komai ba, don haka ya bi sawun da baya, ya ga daga ina ya fito.

Mai sawun ya san gari. Ya kauce wa babbar hanya, ya bi bayan turken awaki, ya raɓa ta gefen wata rijiya. Mani yana biye, har sawun ya shigo da shi lungun da ya fi sani a duniya, lungun gidansa.

A nan mai sawun ya bar tsakiyar hanya ya koma can gefe, jikin dangar maƙwabci, inda laka take kuma ba mai takawa. Kafin ya kai daidai ƙofar gidan Mani, sai sawun takalmi ya ƙare. Tafin ƙafa ne tsirara, yatsu biyar ras, ya wuce ƙofar a hankali. Da ya gota ta, takalmi ya dawo.

Mani ya daɗe a tsaye. Ranar Juma'a da tsakar rana shi yana masallaci, lungun ba kowa, ba wanda zai gani balle ya ce an yi rashin kunya. Amma ƙafar da ta saba ba ta tambayar ko akwai mai kallo.

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ba kowa. Taku ɗaya zai yi da nasa takalmin ya murje wurin, magana ta mutu. Ya tuna Zulfa da tsohon cikinta. Har ya ɗaga ƙafar. Sai ya ji ladan yana gyara lasifika don kiran la'asar, ya tuna mutumin da ke zaune a ƙasa da yagaggen aljihu. Ya mayar da ƙafarsa inda take, ya samo wani tsohon kwando ya kife a kan sawun. Bai taɓa jin ya tsani sana'arsa ba sai ran nan.

* * *

Da aka sallame, Mani ya roƙi mai unguwa a taru a lungun gidansa. Aka zo da Ishaya a tsakiyar 'yan sa-kai. Aka zo da Ɗanliti. Alhaji Badamasi ma ya fito. Aka aika wurin makoki aka kira Shamsu, ya iso daga ƙarshe, ya tsaya can baya.

Mani ya fara da sawun bayan katanga, ya faɗi yadda ya biyo shi. Ya ce ranar Juma'a Ɗanliti yana Sabuwa. Ya ce Ishaya kuwa, mai akwati a zaurensa, ba abin da zai kai shi tsugunno a bayan katangar kansa.

Mas'ud ya katse shi. "Baba Mani, rana tana tahiya. Takalmin roba kowa na da shi."

Mani ya ɗage kwandon. Mutane suka matso, suka ga takalmi, suka ga tafin ƙafa, suka ga takalmi kuma. Dattawan cikinsu ne suka fara ganewa, suka dubi juna.

Mani ya ce, "Ni ba malami ba ne, ba ni da sarauta. Duk garin nan ba mai tuɓe takalmi don zai wuce ƙofata, sai mutum ɗaya."

Ba wanda ya ce a juya, amma kowa ya juya. Shamsu yana tsaye a jikin dangar, a gefen laka, takalmansa a hannu.

Mai unguwa ya ce a hankali, "Mani, magana ce ta rai. Sai ka kama suna."

Tun da Mani ya ba yaron 'yarsa bai taɓa kiran sunan nan ba. Yaron nan yake cewa, ko mijin yarinyar nan. Yau ya kama sunan.

"Shamsu ne."

Shamsu ya sulale ya durƙusa. Bai yi musu ba, kamar dama jira yake a sauke masa kayan.

"Baba, a gona sunka same ni, wadda ke bakin daji. Sun hwaɗa mani launin labulen ɗakinta. Sun san watan da za ta haihu. Sunka ce in kawo labarin shanu, in ba haka ba ita za su ɗauka. Sun yi mani rantsuwa ba za su taɓa makiyayi ba." Ya share fuska da hannun riga. "Na ɗauka in na kunna abin nan ba wanda zai taɓa sani."

Ishaya ya dube shi. "Da ka ga an taru a ƙofata fa?"

Shamsu ya kifa fuskarsa a kan gwiwoyinsa.

Mas'ud ya zaburo ya nufi Shamsu. Mani ya riga shi, ya tsaya a tsakaninsu, tsoho da shi, ba ko sanda a hannunsa.

"Mas'ud, na ba ka gaskiya, ban ba ka mutum ba. Rabo a gabana ya girma, jininshi ba zai tahi a banza ba. Amma hukuma za a kai shi. In bayan gari za ku, sai ku haɗa da ni."

Alhaji Badamasi, wanda sai yanzu bakinsa ya buɗe, ya ce a ɗauko motarsa. Mai unguwa ya kama hannun Shamsu da kansa. Mas'ud ya tsaya yana huci, can sai ya juya wa jama'a baya ya fashe da kuka, kukan da ya riƙe tun jiya.

Taron ya watse sumui-sumui. Ba wanda ya iya duban Ishaya, ba kuma wanda ya ce masa yi haƙuri. Shi kaɗai ya matso kusa da Mani.

"Baba Mani, ban san mi zan ce ba."

"Kada ka ce komi. Je ka, iyalinka na jira."

* * *

Gidan Shamsu yana ƙarshen unguwa, daga shi sai gonaki. Mani bai taɓa wuce zaurensa ba, yau ya yi sallama ya shiga har tsakar gida. Zulfa tana gaban murhu tana tuƙa tuwo, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu.

"Baba, kai ne da kanka? Lahiya? An ce an kama Malam Ishaya."

"An sake shi."

"Alhamdu lillahi. Ni dama na ce mutumin nan ba zai aikata ba." Ta jawo masa tabarma. "To wa ya yi?"

Bai zauna ba. Ya dubi gonakin da ke bayan danga, ya dubi rana da ta kusa faɗuwa. Labari zai kai daji ko da sabis ko babu.

"Ɗauko mayafinki da kayan haihuwa. Gida za mu, yanzu."

"Bari ya dawo daga wurin makoki in shaida mashi. Ko abinci bai ci ba tun jiya."

"Ba zai dawo yau ba, Zulfa."

Ta tsaya da muciya a hannu tana kallonsa. 'Yar mai bin sawu ce, ta iya karanta abin da ba a faɗa ba. Tuwon ya fara kamawa, ba ta waiwaye shi ba.

"Baba, kai ka bi sawun?"

"Ni na bi."

"Duk tsawon hanyar, ba inda ya ɓace maka? Ko wuri ɗaya?"

Da zai iya yi mata ƙarya da ya yi, don a duniya ba abin da yake so kamar yarinyar nan.

"Babu," ya ce.

Ta sauke tukunyar, ta ɗebo ruwa ta kashe wutar, ta shiga ɗaki haɗa kaya.